Layi Ɗaya, Gida Biyu

Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan!

Ƙarar ta biyo bututun ɗumama ɗaki ta sauka a tsakiyar kan Nafosat. Ba ta motsa daga gaban kwamfuta ba. Wasiƙar ta fara buɗewa ke nan, sunansa ya fito, sauran shafin fari fat.

“Don Allah... saura kaɗan,” ta ce a hankali, kamar bututun na da kunne.

Sai aka koma dukan ƙofa.

Tana buɗewa ta ga Muyassar-hola, wato Inna Muyassar, maƙwabciyarsu ta ƙofa da ƙofa, ɗankwali ya zame, ludayin ƙarfe a hannu.

“Sakar min layi!”

“Hola, minti biyu kawai...”

“Minti biyunki na jiya ma har yanzu bai ƙare ba! Yau Lahadi, ɗana zai kira. In ya kira ya ji a rufe, ke za ki biya ni muryarsa?”

Nafosat ta sunkuyar da kai. Me za ta ce? Ta ce ɗan naki ne ya rubuto min? Ta koma ciki ta cire wayar daga bango, wasiƙar ta mutu a rabi, ta zauna bakin gado tana cizon leɓe don kada kuka ya ƙwace mata.

Haka benen nasu na unguwar Chilonzor yake tun zamanin Sobiyet: gida biyu, lamba biyu, amma zaren waya ɗaya. Wanda ya riga ɗagawa shi ke da layi, wayar ɗayan kuwa ta zama kurma har sai an ajiye. Shekara talatin gidajen nan biyu suna zaune a haka ba wanda ya ji kansu, in ɗaya ya daɗe sai a buga bututu sau uku, a yi dariya, a ajiye. Davron ne ya ɓata lamarin. Shi kaɗai Muyassar-hola da mijinta Ergash-amaki, wato Baffa Ergash, suka haifa, tare suka taso da Nafosat a kan matattakala ɗaya. Kafin ya tafi aikin masana'anta a Koriya, ya tsinto tarkace nan da can ya haɗa mata kwamfuta, ya maƙala mata wani tsohon modem mai kuka kamar akuya a hannun mahauci kafin ya kama layi. Tun daga ranar mata biyu suka koma jiran mutum ɗaya a kan zare ɗaya, uwa na jiran murya, budurwa na jiran rubutu.

“Wallahi kin zubar mana da mutunci,” in ji mahaifiyar Nafosat daga kicin. “Ni da girmana ana min kiɗa da ludayi!”

“Oyi, shi ma fa...”

“Shi ma me? Uwarsa ta taɓa ƙetaro ƙofar nan da maganar aure? Lobar take so, kowa a benen nan ya sani. 'Yar ƙawarta, mai aikin ofis, mai zinariya a haƙori. Ke kuma kina nan kin auri akwati mai kuka.”

Da la'asar layi ya samu, wasiƙar ta buɗe. Ta karanta ta sau huɗu, har ta haddace inda ya manta waƙafi.

“Nafosat-jonim, rabin raina, ki yi haƙuri da Oyi, bakinta ne kawai, cikinta fari ne. Na ji an fara kawo sabon intanet wanda ba ya riƙe waya, amma sai an raba layinmu biyu kafin a saka. Ki je ofishin tarho ki cika takarda. Kafin nan zan aiko miki da modem mai kyau ta hannun wani abokina. Ina dawowa, ni da kaina zan sa Oyi ta ɗauko gurasar neman aure ta ƙetaro ƙofarku. Ki jira ni, hasken idona.”

Washegari ta tafi ofishin. Wa za ta tarar a bayan tagar karɓar takardu? Lobar, an ci ado, ana shan koren shayi.

“A'a! Maƙwabciyar Muyassar-hola! Ke ce mai kwamfutar nan da ake ta labari?”

“Takardar raba layi na kawo, Lobar-opa,” ta ce, tana girmama ta da kiran da ake yi wa yaya mace.

Lobar ta karɓa da yatsa biyu, ta karanta a tsanake kamar jarida.

“Kina sauri ne?”

“In da hali. Don hola ta huta.”

“Kai, kina da kirki! To akwai mutane a gabanki. Ki riƙa leƙowa.”

Nafosat na juyawa ta hango Lobar ta ɗora butar shayi a kan takardar. Ta leƙo bayan sati biyu, ta leƙo bayan wata. Kullum amsa ɗaya: ana kan dubawa. Wata biyar ana kan dubawa.

Modem ɗin dai ya iso, ƙarami, baƙi, cikin kwali mai rubutun Koriya. Ta juya shi ta juya, ya ƙi ko tari. Ranar Davron ya yi abin da bai saba ba, ya kira lambar gidansu.

“Jonim...”

Ta zauna a ƙasa da kan waya a kunne.

“Davron-aka! Yayana, kai ne?”

“A'a, sarkin Koriya ne. Kuka kike?”

“Albasa nake yankawa.”

“Albasar gidanku har muryarta rawa take. To saurara, katina ba shi da yawa. Ramuka biyu ne a bayansa, a wanne kika sa wayar bango?”

“Na dama.”

“Haba Nafosat! Shekara nawa ina koya miki? Na hagu!”

“To ai ba ka nan balle ka nuna min...”

Ta ji numfashinsa da ƙarar injuna can nesa.

“Saura wata takwas,” ya ce. “Ki canza ramin ki gwada.”

“Sai na ajiye waya kafin in gwada.”

“Na sani. Kullum sai kin rabu da ni kafin ki same ni.”

Ta ajiye tana dariya tana share ido, ta canza ramin, ya kama tashin farko.

Tsohon modem ɗin, da iskar kirki ta kaɗa sai ya saki layi. Minti goma bai taɓa cikawa ba, ta zage shi ya fi a ƙirga. Sabon kuwa in ya kama ya kama, kamar kaska. Nafosat ta yi murna har da rawa a tsakar ɗaki. Baiwar Allah, ba ta san wancan lalataccen ne yake mata gata ba.

Wata Alhamis ce a tsakiyar zafin bazara, rana tsaka. Davron ya aiko da hotonsa, na farko tun tafiyarsa shekara ɗaya da rabi. Hoton ya fara sauka daga sama, layi-layi: sararin sama, rufin wani gini, sumar kansa. Ya iso goshi ke nan mahaifiyarta ta leƙo da jaka a hannu.

“Tashi ki raka ni kasuwa, shinkafar dafa-dukan palov ta ƙare, ni ba zan iya ɗauka ba.”

“Oyi, ki bari idonsa ya fito...”

“Idonsa ba zai gudu ba. Tashi!”

Ta miƙa hannu za ta cire wayar, sai ta tsaya. In ta cire, sai an faro daga sama. Yau Alhamis, shi kuma Lahadi yake kira. Muyassar-hola barci take a irin wannan lokaci. Rabin awa ne kawai, ta dawo ta tarar da shi yana jiranta.

Ta ja ƙofa ta bar shi yana sauka.

A kasuwa suka haɗu da wata 'yar'uwar mahaifiyarta, aka ja su gida shan shayi, aka kawo kankana, aka buɗe zancen bikin wance. Nafosat na ta kallon agogo, ana ta ce mata zauna. Sai bayan awa uku suka sauko daga bas.

Tun daga nesa ta ga motar asibiti a bakin benensu, ƙofar bayanta a buɗe, ba wanda ke sauri. Maza sun yi cirko-cirko.

Muyassar-hola na zaune a kan dakalin shiga, ba takalmi, ba ɗankwali, ludayin a cinyarta ya lanƙwashe kamar lauje.

Wata maƙwabciya ce ta raɗa musu. Ergash-amaki ya dafe ƙirji ya faɗi a ɗaki. Matarsa ta ɗaga waya, shiru. Ta bugi bututu, ta bugi ƙofarsu Nafosat, ta koma ta ɗaga waya, shiru. Benen duk an tafi aiki, ta sauko hawa huɗu da gudu, ta ƙetare titi har kantin magani kafin ta sami wayar da ke da rai. Ko da motar ta iso, sai dai rufe masa ido.

Muyassar-hola ta ɗago ta dube ta. Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi.

“Na buga,” ta ce da wata murya ƙarama. “Na yi ta bugawa, Nafosat. Ina kika je?”

Buhun shinkafar ya suɓuce daga hannun Nafosat.

Ba ta san yadda ta hau benen ba. Ta tura ƙofar ɗaki, ga Davron nan ya cika gilashin kwamfuta, ya sauka duka, ya yi ƙiba kaɗan, yana murmushi, ya ɗaga mata hannu. Ƙaramar fitilar modem ɗin na ta ƙiftawa abinta. Ta fizge wayar har da filastar bango, ta durƙushe a wurin.

“Wayyo Allahna... wayyo Davron-aka!”

An kai Ergash-amaki makwancinsa washegari, ɗansa bai samu zuwa ba. Gidan rasuwa ba a ɗora tukunya kwana uku, maƙwabta ke kai abinci. Nafosat ta dafa miya da hannunta ta kai. Lobar ce ta buɗe ƙofa, ta riga ta ɗaura ɗankwalin 'yan gida.

“Hola ta ce a mayar.”

“Lobar-opa, bari in gan ta, ko ƙafarta in kama...”

“Kin kama abin da ya fi ƙafa. Ki tafi, don Allah, kada jininta ya hau.”

Aka rufe ƙofa a hankali.

Nafosat ta rubuta wa Davron komai, ba ta ɓoye ko rabin awar ba. Ta je shagon intanet na bakin titi ta aika, don ta rantse ba za ta ƙara taɓa layin gidan ba. Ba amsa. Ta sake rubutawa. Ba amsa. Daga baya ta ji a bakin mata cewa ya riga ya sani tun kafin wasiƙarta: Lobar ta fitar da takarda daga ofis mai nuna minti da aka kama layi da minti da aka sake shi, ta aika masa. Ba ƙarya ko ɗaya a takardar, abin da ya fi ci wa Nafosat rai ke nan.

Ana saura kwana biyu sadakar arba'in, wani ma'aikaci ya zo da tsani da jakar kayan aiki. Ya buɗe akwatin bango, ya yanke nan ya ɗaura can, ya karkaɗe hannu.

“Shi ke nan, kowa da layinsa.”

“Har an gama?” in ji Nafosat.

“Aikin awa ɗaya ne, ƙanwata. Takardar ce ba ta iso hannunmu ba sai shekaranjiya.”

Ta jingina da bango ta rufe ido. Awa ɗaya!

Bayan arba'in da kwana uku wayarsu ta yi ƙara. Tun kafin ta ɗauka jikinta ya ba ta.

“Nafosat.”

Ba jonim. Sunan kawai, tsirara.

“Davron-aka... ka yafe min. Ka zage ni, ka tsine min, amma kada ka yi min shiru!”

“Ban ce ke kika kashe shi ba. Likita ma ya ce ba lallai ne a ceto shi ba.”

“To?”

“Ba lallai ba, ya ce. Bai ce ba zai yiwu ba.”

Ta toshe baki da hannu.

“Ni na aiko da modem ɗin,” ya ci gaba. “Ni na aiko da hoton. Na tsaya ina gyara suma, ina ce wa abokina ya sake ɗauka, wannan bai yi kyau ba. Kin gane? Mu biyu ne, Nafosat.”

“To mu ɗauka tare! Ni zan yi wa hola bauta har in mutu, zan...”

“Ta yaya? Ki zuba mata shayi da safe ta ɗago ta ga fuskarki? In zauna tsakaninku, in kalle ki in kalle ta?”

“Takardar fa? Wata biyar tana hannun Lobar-opa! Da ta miƙa ta, da wayar hola na da rai ranar. Da idona na ga ta ɗora buta a kai!”

Ya ja dogon numfashi.

“Lobar ce ke kwana da Oyi yanzu. Ita ke mata wanka, ita ke ba ta magani. In na ƙwace mata wannan ma, me ya rage mata?”

“Ni fa? Me ya rage min?”

Ta ƙara matse kan wayar a kunne.

“Ka daina sona ne? Faɗa min, in ji da kunnena!”

“Da na daina, da na samu barci,” ya ce. “Kada ki jira ni.”

Ya ajiye.

Ta yi jinya ba ciwo. Ta daina fita sai dole, in ta ji motsin ƙofar maƙwabta sai ta tsaya a bayan tasu har matattakala ta yi shiru. Mahaifiyarta da ke faɗa da ita kullum ta koma lallashi, ta kai mata cokali baki kamar yaye.

“Ci ko kaɗan, 'yata. Ni na ja ki kasuwar nan, ki ɗora min.”

“Ba ke ba ce, Oyi. Hannuna na kan wayar. Na tsaya na yi tunani, sannan na bari.”

Wata takwas ɗin suka cika, Davron bai dawo ba, ya ƙara wa'adin aikinsa. Sabon intanet ya shigo unguwar, yara na ta murna a matattakala, wai yanzu ana ganin mutum yana magana daga wata ƙasa, waya kuma na aikinta. Nafosat ta ji, ta ja bargo ta rufe kai. Kwamfutarta na kusurwa an lulluɓe ta da zanen teburi.

Aka yi sadakar shekara. Bayan sati biyu labari ya zagaya benen: an karya gurasa a gidan su Lobar, magana ta tabbata, sai dawowar ango.

Ran Lahadi da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofarsu, a hankali. Nafosat ta buɗe.

Muyassar-hola ce. Ta tsufa, ta rage tsawo. Shekara guda ba ta ce mata uffan ba. Ta tsaya tana murza bakin mayafi, idonta a kan bango.

“Davron ya sa an kawo min kwamfuta, an ja sabon layin. Mai haɗawar ya tafi, abin ya ƙi. Ya ce ƙarfe goma sha ɗaya zai jira... Lobar ta taɓa ta taɓa, ita hatimi kawai ta sani.” Ta ƙara murza mayafin. “Shekara biyu da rabi ban ga fuskarsa na motsi ba. Ba wanda ya iya a benen nan sai ke.”

Mahaifiyar Nafosat ta fito daga kicin da saurinta.

“Muyassar, ki ji tsoron Allah! Yarinyar nan za ki...”

“Bari, Oyi,” in ji Nafosat. Ta zura silifa.

Ɗakin na nan yadda ta san shi, sai hoton Ergash-amaki da aka rataya. Lobar na zaune a gefe cikin sabuwar rigar silikin atlas, ta kau da kai. Nafosat ta durƙusa bayan teburi, ta bi wayoyin da yatsa, ta sami wadda ba ta shiga daidai ba, ta tura ta. Fitilu huɗu suka kama. Ba kuka, ba jira. Ta zauna a kujera ta danna.

Sai ga shi.

Gaba ɗaya, lokaci ɗaya, yana ƙifta ido. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne. Ya buɗe baki zai ce Oyi, ya ga wadda ke zaune, bakin ya tsaya a buɗe.

Ba ta san tsawon lokacin da suka yi suna kallon juna ba.

“Kin rame,” ya ce.

“Kai ma, Davron-aka.”

Ya ɗaga hannu kamar zai taɓa gilashin, ya mayar da shi.

“Ɗana! Ɗana!” Muyassar-hola ta faɗo kan teburin tana shafa fuskarsa da tafin hannu biyu tana kuka. Nafosat ta miƙe ta ba ta kujera. Ta kai bakin ƙofa ke nan tsohuwar ta waiwayo da jiƙaƙƙen ido.

“Tsaya... ki nuna wa Lobar yadda ake yi. Don kada mu riƙa damunki.”

Ba da mugunta ta faɗa ba, Nafosat ta ga haka a fuskarta, kuma shi ya fi zafi.

Ta dawo. Lobar ta matso a ɗarare, ƙamshin turarenta ya cika wurin. Ta kama linzamin kwamfutar, kibiyar na ta yawo. Nafosat ta ɗora nata hannun a kai, ta ja shi a hankali har kan sunansa. Ba ta ɗaga ido ta dubi gilashin ba, amma ta san yana kallo.

“Nan za ki danna, Lobar-opa,” ta ce. “Sau ɗaya kawai. Zai zo miki.”

Ta zare hannunta, ta fita, ta ja musu ƙofa.